Babban Yatsan Hajara

Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina aikin talla, amma ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, ba a ofis ta same ni ba. A ɗakina ta same ni a Agege, ina tsaye a kan kujera ina laluben saman kabad. Tunda yau an ce in yi wa sababbin ma'aikata magana, wannan labarin zan ba ku. Ni ne na sha kunya a cikinsa, saboda haka ba wanda zai ce na yi gulmarsa.

An ɗauke ni aiki a ƙarshen 1999, 'yan watanni bayan soja sun koma bariki. Kamfanin sabulu ne a Ilupeju, cikin Legas. A lokacin kowa na ganin kasuwa za ta buɗe, kamfanoni na ta sayo injuna suna ɗiban ma'aikata. Muƙamina ƙaramin jami'in talla, matakin ƙasa ke nan, kuma na gwaji ne na shekara guda. In ka yi abin kirki a tabbatar da kai, in ba ka yi ba a nuna maka ƙofa. Dalilin ɗaukata ɗaya ne: ni haifaffen Agege ne, ina jin Hausa ina jin Yarbanci, kamfani kuma na neman wanda zai riƙe masa unguwannin Hausawa, wato Agege da Idi-Araba da gefen Mile 12. A kaina akwai shugabar shiyya, Madam Bisi, mace mai faɗan tsiya, amma ita ce ta tsaya kai da fata har aka ɗauke ni. Sunana Isyaku bai taɓa zama a bakinta ba, Isiaka take kirana har ta yi ritaya.

Ga yadda aikin yake. Litinin zuwa Alhamis ina bin motar kamfani muna sauke wa manyan diloli katan-katan, su kuma su rarraba wa masu tireda da ƙananan shaguna. Ran Juma'a da safe in rubuta rahoton abin da na gani in kai wa Madam kafin masallaci. Abin da ya fi tafiya a yankina shi ne sabulun sanda, dogo kamar kamu guda, tsirara, ba takarda ba komai sai sunan kamfani da aka buga a jikinsa. Mai shago zai jera shi a kan kanta, in an zo saye ya ja zare ya yanka daidai kuɗin mutum.

Farkon shekara ta 2000 manyanmu suka ce wannan tsohon yayi ne. Za a sayo injin da zai yanka sabulu ƙanana, ya naɗe kowanne a takarda mai sheƙi da zanen fure, a ƙara masa turare. Amma kafin a kashe kuɗi aka ce kowane jami'i ya shiga yankinsa ya ji ra'ayin jama'a. Aka ba mu samfuri, aka ba mu fom mai tambayoyi goma. A samansa akwai layin da aka rubuta: sunan mai gida.

To, kun san gidajenmu. Ko a Legas ɗin da ɗaki ke kallon ɗaki, namiji baligi ba ya kutsa kai cikin gidan mutane. Sallama za ka yi daga ƙofa, mai gida ya fito, a jawo benci. Haka na bi Agege lungu-lungu sati uku, da farar rigata da biro a aljihu. In miƙa sabulu, mai gida ya juya shi, ya sunsuna, ya ce, "Madalla, ya yi kyau." In tambaya, "Za a saya?" Ya ce, "Me zai hana, in Allah ya hore." Sai in ja alama a gidan e. Na je wajen Alhaji Mamman, babban dilanmu a Agege, aminin marigayi mahaifina, wanda da hannunsa ya ba ni dabino ranar saukar karatuna. Ya ɗaga sabulun sama ya ce, "Kai ɗana, wannan ai sai gidan gwamna. Rubuta na ce ya yi."

Da na kai rahoto Madam ta sauke tabarau ta dube ni. Ta ce, "Isiaka, kowa da kowa? Ba ko mutum ɗaya da ya ce a'a?"

Na ce, "Madam, mutanena ne. Na san su kamar yunwar cikina."

Rahotona aka ɗauka aka karanta a taron manajoji, aka ce ga shi har unguwannin da ake ganin sun fi riƙo da tsohon abu sun yarda. Ranar kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan. A danfo ma, bas ɗin haya, da zan koma gida, ji nake kamar in gaya wa kwandasta ko ni wane ne.

Inji ya zo, aka daina sabulun sanda. Watan farko kaya suka tafi, don kowa na son ya ga sabon abu. Damina na sauka, sai kasuwa ta tsaya cak. Mu je da mota cike mu dawo da ita cike. Dilan da a da yake tare mu a hanya, yanzu in ya hango motarmu sai ya tuna bai yi alwala ba. Na tambayi Alhaji Mamman, ya kawar da kai ya ce, "Kasuwa ce ta yi sanyi, ɗana, ka san damina." Alhali ina tsaye a shagon ina kallo ana jan zare ana yankan wani sabulun sanda ruwan ɗorawa na kamfanin da muke hamayya da shi. Namu kuwa yana jere a katan, ƙura ta hau fure.

Babu abin da ban ɗora wa laifi ba a rahotannina. Na ce tsada ce, aka rage farashi, shiru. Na ce talla ce ba ta isa ba, aka buga kalanda aka raba, mutane suka karɓi kalanda suka rataya suka ci gaba da sayen ruwan ɗorawa. Wata Juma'a cikin watan Yuli Madam ta ce in rufe ƙofa in zauna. Ta ce ba yankina kaɗai ya faɗi ba, amma nawa ya fi faɗuwa, kuma rahotona ne manaja ya fi tunawa. "Zuwa ƙarshen wata, in ba ka kawo dalili na gaskiya ba, za a haɗe yankinka da na Mushin. Kai kuma..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na fito ina tunanin ɗaki da falon da na kama da ƙarfin wannan albashi, da matata Hajara, da 'yarmu Ummi da ko yaye ta ba a yi ba.

Ban gaya wa Hajara komai ba. Ta yaya zan fara? Kowane ƙarshen wata kamfani na ba ma'aikata rabon sabulu, ni kuma in shigo da shi ina washe baki in dire mata. Ta ce, "An gode, Allah ya ƙara buɗi." Fararen rigunana kullum fes suke, har nakan ja hannun riga a majalisa in ce wa abokai, "Kun ga aikin sabulunmu."

Washegari Asabar da hantsi, tana tsakar gida tana wanki, na ce bari in ɗauko takardun makarantata in fara neman wani aikin tun kafin a kore ni. Suna cikin wata jaka a saman kabad. Na jawo kujera na hau, na miƙa hannu, sai na ji na taɓa wani abu mai sanyi. Na leƙa. Sabulunmu ne, a jere a kan tsohuwar jarida, sahu-sahu kamar masu sallar Idi, kowanne an tuɓe masa takarda. Na gefen hagu sun ɗan yi duhu sun tsuke, na gefen dama sababbi ne. Rabon wata huɗu ke nan da nake kawowa, kusan duk yana nan.

Na kira ta. Ta shigo tana goge hannu da gefen zani, ta gan ni a kan kujera da sabulu a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Hajara, mene ne wannan?"

Ta ce, "Sabulu ne, Baban Ummi."

"Na ga sabulu ne. Me yake yi a nan?"

"Shan iska yake yi."

Ta ce in sauko mata da ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu. Ta ɗauki sabon ta danna shi da babban yatsa, yatsan ya lume, ya bar rami. Ta ɗauki tsohon ta danna, ko gezau. Ta miƙo mini ta ce, "Danna ka ji." Na danna. Ta ce ɗanyen sabulu in ya shiga ruwa narkewa yake kamar man shanu a rana, wanki biyu ya ƙare. Busasshe kuwa sai ya kai sati. Shi ya sa ba macen da ke sayen sabulu ba ta danna ba, in kuma aike ta yi aka kawo mata mai laushi, mayarwa take. Na sanda da muke yi a da, kafin ya bar sito ya iso kan kanta ya sha iska ya yi tauri. Wannan kuwa tun yana ɗanye aka ƙunshe shi, ruwansa na ciki, ga shi an rufe ko'ina ba inda yatsa zai taɓa. Ta ce, "Wa zai sayi abin da aka ɓoye masa?"

Na ce, "Takardun fa, ina kika kai su?"

Ta buɗe akwatin kayanta, ga su nan shimfiɗe tsakanin zannuwa. Ta ce ai takardar ba ta da laifi, ƙamshinta na kama kaya, matan gidan nan har roƙonta suke yi.

Sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "To rigunana da me kike wanke su?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na fita tsakar gida na ɗaga bahon wanki. Ga shi nan a ƙasa, guntun ruwan ɗorawa, da shaidar zare a gefensa. Wata huɗu ina yawo a Agege ina tallar sabulunmu cikin rigar da aka wanke da na abokan hamayya, kuma a shagon Alhaji Mamman ake sayo shi. Wallahi ban san lokacin da na zauna a bakin rijiya ba.

Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Ka tambaye ni? Ka zaga Agege kaf da takarda da biro, kullum ni ke goge maka rigar da za ka fita da ita. Ko sau ɗaya ba ka ce, Hajara, ke da kike wanki me kika gani ba. Kuma abin da miji ya shigo da shi yana murna, ai ba a kushe shi."

A nan na gaya mata maganar Madam, da abin da ya hau da ni kan kujera. Murmushin ya ɗauke daga fuskarta. Ta ce a hankali, "Kai ka ɓoye mini don kada hankalina ya tashi, ni na ɓoye maka don kada ranka ya ɓaci. Saura kaɗan kara ta kai mu titi." Na ji kunya, na kuma ji sonta ya ƙaru a raina, duka a lokaci guda.

Ran Litinin ban bi mota ba. Na wuce ofishin Madam na ajiye mata sabulu biyu a kan tebur, na ce ta danna. Ta harare ni, amma ta danna. Ta sake dannawa. Sannan ta ce mahaifiyarta a Abeokuta a saman murhu take jera sabulu, ita kuwa rabonta da wanki da hannu tun kafin ta yi aure, shi ya sa ta manta. Ta ce, "Isiaka, su wa ka tambaya?"

Na ce, "Masu gida, Madam."

"Masu gida suna wanki?"

"A'a, Madam."

Ta wanke ni tas, ba sabulu. Ta ce na kashe wa kamfani sati uku ina tambayar kurma daɗin kiɗa. Da ta gaji ta jawo fom ɗin ta dubi layin sama, ta ga sunan mai gida, ta tuna ita ce ta tsara shi da hannunta. Ta tura shi gefe ta ce, "To, mu biyu ne. Matarka za ta yarda in zo?"

Asabar ta zagayo, sai ga Madam a Agege cikin atamfa da ɗankwali, ban taɓa ganin ta haka ba. Hajara ta tara matan gidanmu da na maƙwabta a tsakar gida, kowacce da bahonta. Madam ta yi sallama ta shige. Ni kuwa, jami'in talla mai riƙe da yankin gaba ɗaya, ina aka bar ni? A benci, a ƙofar gida, inda na saba. Alhaji Mamman ya ji labari ya zo ya zauna kusa da ni. Muna jiyo muryoyi ta kan katanga. Wadda ta fi tashi ita ce ta Goggo Delu, tsohuwar da aka haifa a gidan tun zamanin da jirgin ƙasa ke sauke fataken goro. Da Yarbanci take yi wa Madam faɗa kamar 'yar cikinta, Madam na cewa, "To Mama, to Mama." Mata na ta dariya.

Na dubi Alhaji na ce, "Baba, kai ma ka sani ka yi shiru."

Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ɗana, ni sabulu nake sayarwa, ban taɓa wanke ko hula ba. Ka zo da fara'arka ka tambaye ni ko ya yi kyau, kuma ya yi kyau, ban yi ƙarya ba. Daga baya da mata suka fara dawo da shi, na rasa bakin da zan gaya wa ɗan Malam Haruna cewa kayansa ba sa tafiya." Ya ƙara da cewa, "Da mahaifinka na da rai, shi zan gaya wa ya gaya maka."

Abin da ya faru a ciki Hajara ce ta ba ni labari. Madam ta gaya musu gaskiya, cewa an riga an sayi inji, ba yadda za a yi a jefar da shi, kuma manya ba za su yarda sunan kamfani ya fita ba takarda ba. Mata suka yi ta kawo shawara. Hajara na gefe tana ba Ummi nono, sai Madam ta juyo ta tambaye ta. Ta ce, "Ku bar shi ya sha iska tukuna. In ya bushe ku ɗaura masa ɗamara a tsakiya, ku bar kai da gindi a waje." Ta ɗauki takarda ɗaya ta ninke ta siririya, ta ɗaura ta a tsakiyar sabulun ta miƙa. Madam ta fito da shi a hannu, ta wuce ni a benci ko kallona ba ta yi ba, ta shiga mota tana juya shi.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama daɗi. Sai da aka yi wata biyu ana ja-in-ja. Masu kula da inji suka ce a sake saiti wahala ne, mai kula da sito ya ce ba shi da wurin shanya sabulu na sati uku. Madam ce ta yi ta shiga tana fita har aka yarda a gwada a yankina kaɗai. Ni kuma ba a kore ni ba, amma an ba ni takardar gargaɗi, aka ƙara mini wata shida a kan gwajina. Agege ta dawo a hankali. Idi-Araba kuwa ruwan ɗorawa ya riga ya zauna, mun fi shekara biyu muna fama kafin mu samu gefen kanta. Abokin ciniki in ya juya baya, ba ranar da ka gyara yake dawowa ba.

An sake fom. Aka cire sunan mai gida aka sa: wa ke amfani da kayan a gidan nan? Aka ɗauki mata biyu aikin shiga gidaje. Madam ta so Hajara ta zama ɗaya daga ciki, ta ce a'a, mai talla ɗaya ya ishi gida.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, wanda ya ciro kuɗi daga aljihu sau da yawa ba shi ne ya yanke shawarar saye ba. An riga an yanke ta a bakin rijiya ko a gindin murhu, shi aike kawai aka yi. Kyan kaya a idonku daban, amfaninsu a hannun mai aiki da su daban, kuma talaka ba arha yake nema ba, abin da zai daɗe masa yake nema. Sannan mutanenmu masu kara ne. In Bahaushe ya ce maka madalla, gaisuwa ya yi maka, bai ce zai saya ba. Kada ku ji haushinsu a kan haka, don wannan karar ce ta sa ake jin daɗin zama da su. Ku dai ku koyi tambayar wanda ya dace, ku kuma duba me ke ƙarƙashin baho.

A tsakiyar 2001 aka tabbatar da ni. Ranar da takardar ta fito, Madam ta sa aka ba ni katan guda na mai ɗamara, ta rubuta a jikinsa da hannunta: na Hajara. Na ɗora shi a okada, wato acaɓa, har gida, na dire mata, na miƙa mata takardar na ce, "Wannan ma taki ce." Ta karanta sau biyu, ta goge ido da bakin mayafi, ta ninke ta sa a akwati cikin takardun nan masu ƙamshi. Sannan ta buɗe katan ta zaro ɗaya. Ina tsaye ina jira. Ta danna kai, ta juya ta danna gindi.

Ta ce, "Ya yi, Baban Ummi." Ta dubi saman kabad. "Amma jawo mini kujera, zai ƙara sati ɗaya a sama."

Na jawo mata, na riƙe ƙafar kujerar har ta gama jerawa.